Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Lafiyar Ma'aikacin Gidan Waya

Mai girma shugaban taro, shugaban makaranta, malamanmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai. An umarce ni in yi magana a kan aikin gidan waya, da yake a nan na ci abinci har na yi ritaya. Abin da na zaɓa shi ne lafiyar ma'aikaci da yawan hannun da ke aikin, domin biyun a haɗe suke.

Manya a cikinmu za su tuna zamanin Ma'aikatar Gidan Waya da Tangaraho. A shekarar 1985 aka raba ta, wayar tarho ta koma NITEL, wasiƙu kuma NIPOST, wadda dokar soja mai lamba 41 ta 1992 ta tsara aikinta. A lokacin, kuɗin makarantar yawancinmu da takardar samun gurbin karatu ta akwatin gidan waya suke zuwa. Da wayar salula ta shigo a 2001 wasiƙar gaisuwa ta ja baya, amma ƙunshin kaya da takardu masu rajista suna nan, kuma har yanzu mutum ne ke ɗaukarsu.

Ku dubi yankinmu. Kazaure na bakin titin Kano zuwa Daura, Roni da Gwiwa suna wajen iyakar Katsina, Babura kuwa tana kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Da an sauka daga kwalta sai rairayi, da damina kuma laka da kwazazzabai. Haɗari na farko ke nan ga mai rarraba wasiƙu: hanya. Babur mai tsohuwar taya, ba hular kwano, ga kaya a baya, ga hazon hunturu.

Na biyu kuɗi. Duk kantar da ake sayar da kan sarki ana karɓar kuɗin aike, ɓarawo ya san da ita. Na uku shi ne abin da ke cikin ƙunshin kansa. Ran 19 ga Oktoba 1986 wani ƙunshi da aka kai wa ɗan jarida Dele Giwa gidansa a Ikeja ya fashe, ya yi ajalinsa. A 2001 kuma aka aika ƙwayar cutar saifa cikin ambulan a Amurka, mutum biyar suka rasu, biyu daga cikinsu ma'aikatan gidan waya ne a Washinton. Shi ya sa ake tambayar mai aike abin da ya ƙunsa, ake hana man fetur da batir mai yoyo da makamantansu. Don Allah kada ku ɗauki tambayar a matsayin wulaƙanci.

To ina yawan ma'aikata ya shigo? Ƙa'idojin tsaro kusan duk mutum biyu suke bukata. Ana buɗe jakar wasiƙu masu rajista da shaida. Ana ƙirga kuɗi ɗaya na lissafi ɗaya na dubawa. Idan mutane uku suka yi ritaya aka bar ɗaya, shi ne mai kanta, shi ne ma'aji, shi ne mai hawa babur. In ya fita sai a rufe ofis. In ya zauna saƙo ya kwana. Ba ya hutun shekara don babu mai karɓarsa, ya zo aiki da zazzaɓi, ya kama hanya da magariba a gajiye. A nan ne ake faɗuwa, a nan ne kuɗi ke ɓata a ɗora masa laifi. Ƙarancin ma'aikata ba jinkiri kaɗai yake kawowa ba, shi ne uwar haɗurran.

Akwai doka da ya kamata kowa a zauren nan ya sani, ko ba a gidan waya yake aiki ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke riƙewa, ba a cire ko kwabo daga ma'aikaci. Ta haɗa har da haɗarin da aka yi a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Sharaɗin shi ne a sanar da wurin aiki cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7. Wanda ya yi shiru yana iya rasa haƙƙinsa.

Roƙona uku ne. 'Yan'uwanmu da ke majalisa da manyan ofisoshi su riƙa tambayar hannu nawa ya rage a gidajen wayar yankin nan, su nemi a cike gurbin masu ritaya. Ƙungiyarmu ta riƙa sanar da ƙannenmu idan an buɗe ɗaukar aiki, domin ɗan gari ya fi sanin hanya. Sannan lauyoyi da likitocin cikinmu su ware rana guda su bayyana wa ma'aikata dokar nan.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya mai da kowa gida lafiya.