Tankar da ba ta taɓa shiga fagen daga ba

Yau a kan teburina akwai 'yar tankar Maus ta roba, wadda aka rage girmanta sau 35. Guda biyu kacal Jamus ta ƙera a 1944, nauyinta tan 188. Ni kuwa na yi mata fenti kamar yaƙin ya kai 1946.

To amma fa ƙirƙira ma tana da iyaka. Na ɗora ta kan gada, sai na tuna yawancin gadojin lokacin ba sa iya ɗaukar ta. Shirin injiniyoyinta shi ne ta ratsa kogi ta ƙarƙashin ruwa. Haka na rushe gadar, aikin mako uku! A gindinta kuma na rubuta "ƙage ne", kada yaro ya ɗauka tarihi ne.

Sai mako mai zuwa.