Kogi Ɗaya Ne Daga Tiga Har Zuwa Tafkin Chadi

Jama'a 'yan'uwa mazauna Ikko, da Badun, da Anacha, da Fatakwal.

Galibin masu sayar da busasshen kifi, ko tattasai, ko shanu a kasuwannin Kudu sun san arzikin nan daga fadamun Arewa yake fitowa. To, ku ba ni hankalinku mu dubi kogin da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru.

Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya gamu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, suka zama Kogin Yobe, wanda ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa ya nufi Tafkin Chadi. A da, ruwa kan malala fadama da damina a shuka shinkafa, ya janye da rani a yi noman rani, makiyaya su sami ciyawa.

Ruwa ba ya tsami banza. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuwa a 1992. Sun amfani birnin Kano da manoman Kadawa, amma sun rage malalar damina, sun sa ruwa gudana duk shekara. Da hanyoyin ruwa suka daina bushewa, sai ciyawar kacalla ta kafu ta toshe su. Ruwa ya karkata ta Marma ya ci gonakin Nguru, alhali wasu garuruwa na kukan ƙishirwa. Tsuntsayen jan baki kuma suka sami mafaka cikin kacallar suna cin hatsi.

A 2006 jihohin Kano, da Jigawa, da Bauchi, da Filato, da Yobe, da Borno suka kafa asusu don kula da kogin baki ɗaya. Wannan shi ne daidai, gama wanda ke bakin madatsa ba shi da ikon rabon ruwa shi kaɗai.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyinmu na 'yan gari da ke nan Kudu: ku ware wani abu don aikin gayya na yashe hanyoyin ruwa a gida. Ku tambayi wakilanku yaushe ake sakin ruwa, kuma da shawarar wa. In fadama ta mutu, rumfunanmu na nan ma sai sun ji a jikinsu.

Allah ya ba mu damina mai albarka.