Hasumiyar Rediyo da Wayoyin da ke Riƙe da Ita



Maganata ta yau a kan masu rediyon sha'awa ce, watau mutanen da ke karɓar lasisi su kafa tasha a gidajensu, su yi ta zantawa da takwarorinsu na ƙasashe masu nisa ba domin kuɗi ba. Na Nijeriya ana gane su da alamar kira mai farawa da 5N, na Nijar kuwa da 5U. Kowannensu burinsa ya ɗaga eriyarsa sama, shi ya sa yake kafa hasumiyar ƙarfe siririya, irin su Rohn 25G, wadda ba ta iya tsayuwa ita kaɗai in ta yi tsawo, sai an ɗaure ta da wayoyi ta fuska uku.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A ƙasar Folan akwai hasumiyar rediyo mai tsawon mita 646, wadda a zamaninta babu ginin da ya kai ta tsawo a duniya. Ran 8 ga Agusta 1991 ta rushe, sa'ad da ake canja mata wayoyin ɗauri. To, hasumiyar mita 20 ma, in ta faɗa cikin gidan maƙwabci ko bisa wayar lantarki, ta isa ta yi ajalin mutum. Ku tuna kuma iskar da ke gabatar hadarin farkon damina: in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi.

Mu fara da wayar kanta. Wadda aka saba da ita, ita ce ta baƙin ƙarfe mai sili bakwai da aka murɗe, aka kuma lulluɓe da tutiya don kada ta yi tsatsa. Mai kaurin inci 3/16, in ta kasance ta aji mafi ƙarfi, ba ta tsinkewa sai nauyi ya kai wajen kilo 1,800. Mai kwata ɗin inci kuwa wajen kilo 3,000. Wayar shanya da igiyar leda ba su da wuri a nan, domin rana tana cinye leda, tana kuma miƙewa. Ana jan wayar tun farko da kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinta, watau wajen kilo 180 ga ƙaramar. In ta yi sako-sako, hasumiya za ta yi ta fizga duk sa'ad da iska ta buga. In ta yi tsauri ainun, sai ta riƙa danne ƙafafun hasumiyar ƙasa.

Abin da ake ɗaure wayar a ƙasa ni dai turke nake kiransa, don ban ga kalmar da ta fi dacewa ba. Ana kafa turaku uku a tazara daidai, kowanne nesa da gindi da kimanin kashi 80 cikin ɗari na tsawon hasumiya: mita 16 ga hasumiyar mita 20. Mai ƙaramin fili yakan so ya matso da su kusa, alhali kuwa matsowar nan tana ƙara wa waya nauyi ƙwarai. Turken da ake murɗawa cikin ƙasa yana riƙo a ƙasa mai tauri, amma a jigawa, musamman bayan ta sha ruwa, sai dai sandar ƙarfe da aka binne cikin kankare. Bishiya da katangar laka ba turke ba ne.

Amma inda aka fi yin ganganci shi ne a ƙananan ƙarafan da ke bakin waya, domin su ne masu araha, su ne kuma ido ba ya kulawa da su. Wajibi ne duk inda waya ta lanƙwasa a sa mata zoben ƙarfe mai kwari a ciki, don kada ta karye a lanƙwasar. Sa'an nan a matse ta da matsai akalla uku, irin waɗanda ke da ƙarfe mai siffar U da sirdi da notuna biyu. A nan akwai ƙa'ida guda: sirdin yana zama bisa ɓangaren wayar da ke ɗauke da nauyi, ƙarfen mai siffar U kuwa bisa guntun da aka lanƙwaso. Wanda ya juya su ya tauye wayar a daidai inda take aiki. Ko an sa su daidai ma, kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin waya suke riƙewa, kuma sai an sake ɗaure notunan bayan waya ta ɗauki nauyi. Saboda haka ni na fi amincewa da maɗaurin nan na sili-sili da ake naɗawa jikin waya, muddin an sayi wanda ya dace da kaurinta, ba a kuma maimaita tsoho ba. Shi kuwa ƙarfen da ake murɗawa a ƙara wa waya tsauri, a nemi ƙerarre mai rufaffen ido. Mai ƙugiya yana buɗewa. Bayan an gama, a zura guntuwar waya ta cikinsa a ɗaure, don girgizar iska tana kwance shi a hankali.

Saura matsala guda da ta shafi rediyo kaɗai. Wayar ƙarfe, in tsawonta ya yi kusa da rabin zangon da ake aiki a kai, alal misali mita 10 ga zangon mita 20, ita ma sai ta zama eriya ta ɓata aikin ta gaskiya. Maganinta shi ne a rarraba ta da tangaran irin na turakun lantarki, a sarƙa madaukan biyu cikin juna, ta yadda ko tangaran ya fashe wayoyin suna nan a sarƙe. Akwai kuma igiyar Phillystran, wadda ake yi da zare irin na Kevlar, ba ta ɗaukar lantarki, sai dai tana da tsada, kuma wuta da wuƙa suna cin ta. Wanda ya zaɓe ta, ya sa wayar ƙarfe a 'yan mitocin da ke kusa da ƙasa, inda gobarar daji da hannun yara ke kaiwa.