Wanda ya saba duka, kullum a gaban alƙali "karon farko" ne

 

Akwai wata ƴar ƙanwar mahaifiyata da ke aure a wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Goronyo. Sau uku tana yaji saboda duka, sau uku ana biko. Dattawa su zauna, miji ya rantse, a ce mata "yi haƙuri, zaman aure ibada ne", ta koma. Karo na huɗu hannunta ya karye. Da aka je kotu aka tambaya: ina shaidar ya taɓa yi? Wallahi babu ko takarda ɗaya. Mutumin da ya shekara biyar yana jibgarta ya tsaya kamar yau ya fara.

To, doka fa akwai ta. A 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar VAPP, wadda ta yanke wa mai dukan abokin aurensa ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Jihar Sakkwato ta yi tata a 2021, zamanin Gwamna Tambuwal. Kuma kada wani ya ce wannan abin Turawa ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, littafin Mukhtasar na Khalil ya ba mace damar alƙali ya raba auren idan cutarwa ta tabbata, ko da ba a shaida maimaituwarta ba.

Ni ina goyon bayan a tsananta hukunci ga wanda ya maimaita. Amma alƙali ba ya hukunci da jita-jita. Sulhun da ba a rubuta ba, shi ke wanke mai laifi.

Don haka iyayenmu, masu unguwanni, limamai: ku yi sulhu, sulhu alheri ne, amma ku rubuta. Rana, abin da ya faru, shaidu, sa hannun miji. Ƴar'uwa, idan an ji miki ciwo, je asibiti, ki adana katin.

Ranar da kura ta san ana ƙirga awaki, za ta rage ɓarna. Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa.