Ruwa Mai Tsami Da Gubar Dalma

Ina gaida ku na Garun Malam, Kadawa, Kura da Bunkure, ku da ruwan Tiga ke ratsa gonakinku.

Yau kan ruwan da yara ke ɗebo mana za mu yi magana. Uwargida, ƙarfe irin su dalma idan ya shiga ruwa ba ya zama shi kaɗai, sai ya sami abin da zai riƙe shi. Laka tana riƙe shi, ruɓaɓɓen ganye ma haka. Masana sun kwatanta wani irin riƙon da yadda ƙaguwa ke damƙe abu da hannunta, daga nan ma sunansa na Turanci ya samo asali.

To, ina amfaninsa gare mu? Idan aka kawo miki ruwa jajur, ki bar shi ya kwanta ko ki sa ɗan alif, ki tsiyaye na sama. Lakar da ta kwanta ta tafi da wani ɓangare na ƙarfen, kada a zuba ta inda yara ke wasa. Amma ki ji da kyau: tafasa ruwa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da dalma.

Inda na fi so ki kula shi ne tsami. Tsamiya, lemun tsami, zoɓo da tumatirinmu na Kadawa, duk tsaminsu yana da wannan damƙar. Tukunyar da aka ƙera da narkakken tarkacen ƙarafa tana iya ƙunsar dalma a jikinta. Idan kika jiƙa tsamiya ta kwana a ciki, tsamin zai janyo dalmar ya shigo da ita cikin kunun da za ki ba yaro, ba ɗanɗano, ba wari. Ni kam a tukunyar ƙasa mara fenti nake jiƙa tawa.

Kada ki raina dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara kusan 400 suka rasu, saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci. Maganin da likitocin MSF suka ba yaran da wannan damƙar yake aiki: ya kama dalmar a jini, ta fita ta fitsari. Sai dai an tarar ba ya ɗorewa sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidan tukuna, kuma abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa.

Don haka ki roƙi maigida kada a fasa tsohon batirin mota a gida ko a bakin magudanar ruwa. Yaron da ya fara jijjiga, ko yake yawan ciwon ciki da kasala, a kai shi asibiti a nemi gwajin jini.