Ƙwanji Da Aljihu Ba Su Ne Ma'aunin Namiji Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan uwa matasan Gyadi-Gyadi da Tarauni, wata fitina ta shigo mana. Saurayi zai wuni yana ɗaga ƙarfe, ya tsaya gaban madubi yana auna ƙwanji, sannan ya shafa aljihu, wai da haka zai san ko ya isa neman aure. Mara su kuwa sai ya karaya, wani har bashi yake ci don a ce da shi.

To wa ya ba mu wannan ma'auni? Sahabbai sun yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi bin Mas'ud, Manzon Allah (S) ya sanar da su cewa a mizani ya fi Dutsen Uhudu nauyi. Wani Sahabin ko zoben ƙarfe ya rasa, aka ɗaura masa aure da haddarsa ta Alƙur'ani.

Motsa jiki alheri ne, neman halali wajibi ne. Amma ko dokar Kano ta 2024 gwajin jini ta nema kafin aure, ba faɗin ƙirji ba. Ku nemi lafiya, sana'a da hali nagari. Wassalam.