Injin Lantarki a Ƙafar Gaba ta Keke



Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, wasu daga cikinmu suka koma wa keke, har ana tunanin kai shi wurin masu gyara na Fagge da Sabon Gari a ɗaura masa injin lantarki a ƙafar gaba. Aikin yana da sauƙi, gama ba a taɓa sarƙa ko giya. To, amma ga inda gizo yake saƙa.

Shi wannan inji a cibiyar wili yake zaune. Duk lokacin da ya tura taya gaba, sandarsa ta tsakiya takan murɗa baya da ƙarfi daidai wa daida, ba kuwa abin da yake riƙe da ita sai 'yan bakunan nan biyu na ƙasan fok, masu faɗin kimanin milimita 10. Fok ɗin tsohon Raleigh na iyayenmu ƙarfe ne; in ya gaji yakan lanƙwashe, mai shi ya gani. Fok mai shokozoba kuwa, wanda samarinmu suka fi ƙauna, galibi ƙasansa zubin alminiyam ne ko maganiziyam, tsagewa yake yi farat ɗaya. Wanda wilinsa ya fice a titin Murtala Muhammad, da ka zai sauka.

Saboda haka shawararmu ita ce, in dai fok ɗin mai shokozoba ne, a mayar da injin ƙafar baya. Wanda ya nace wa gaba, kada ya wuce wat 250, ya sa ƙarfen tallafi da zai hana sandar juyawa, ya hana mai gyara cin bakin fok da magagari fiye da kima, ya kuma riƙa duba notuna kafin ya hau.